Daga Farantin Talla Zuwa Teburin Mai Hoto: Sabuwar Sana'a A Zongon Lome

Duk wanda ya tashi a Zongon Lome, abu uku ya san suna kai mutum gidan hoto: Sallah, biki, sai kuma ɗan ƙaramin hoton nan da ake liƙawa a katin shaida ko fasfo. A zamanin da muke yara, ranar Sallah da la'asar za ka tarar da layi har bakin titi, kowa da sabon ɗinki, ana jiran a shiga a tsaya gaban labule mai zanen jirgin sama ko na gidan bene, a dafa furen roba, a riƙe tarhon da ba ya haɗe da komai, mai hoto ya ce kada a ƙifta ido. Bayan mako guda a dawo a karɓa, a sa a ambulan a aika wa dangi a Sokode, ko Kumasi, ko Maraɗi.

To, jama'a, a 'yan shekarun nan in ka leƙa wasu daga cikin gidajen hoton nan sai ka iske labulen yana nan a naɗe a lungu, tsakiyar ɗakin kuwa tebur ne. Abin da ke bisa teburin shi ne ake ɗauka: yau kilishi, gobe kwalaben zoɓo, jibi turaren wuta da humra, wani lokaci kuma takalma ko turamen atamfa. Wani abokinmu mai barkwanci ya lura cewa a da abin da mai hoto yake ɓoyewa a akwati shi ne kilishe, wato baƙin fim ɗin nan da ake sake wanke hoto da shi, yanzu kuwa kilishi ne ke kwana a ɗakinsa. Mun ga ya dace mu yi wa masu karatu bayanin wannan sana'a, domin yawancin masu kai kayan nan iyayenmu mata ne da ƙannenmu, kuma kuɗin da suke biya daga cikin jarin da bai taka kara ya karya ba yake fitowa.

Kafin mu shiga batun fitila da tebur, sai mun tuna da inda muke zaune. Tsohon Zongo a tsakiyar gari yake, tafiyar ƙafa ce tsakaninsa da babbar kasuwa. A shekarar 1977 hukuma ta rushe shi, aka kwashe jama'a zuwa arewacin gari, kimanin kilomita 15, kan hanyar Atakpame, inda a yau ake kira Agwe-Zongo. Wurin da gidajen kakanninmu suke, manyan gine-ginen bankuna ne a tsaye. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya rubuta littafi a 1983 a kan fataken Zongon Lome, masu shanu da masu goro, inda ya nuna yadda cinikinsu ya dogara a kan sanayya da amana tsakanin maigida da yaransa da baƙinsa. Abin da ya gani gaskiya ne, amma sanayya ba ta rage tsawon hanya. Tun daga wancan tashin, mai saye da ke Tokwan ko Be ko bakin teku ya daina ratsowa ta ƙofar mai kilishi a kan hanyarsa ta zuwa aiki. Ko dai kaya su je inda yake, ko kuwa labarinsu ya je. Shekara da shekaru yara ne ke kai kayan a ka, da 'yan zemijan a bayan babur. Yanzu hoto ne yake fara isa.

Shi kansa hoto ba baƙo ba ne a garin nan. Tun zamanin Jamusawa Alex Acolatse ya buɗe gidan hotonsa a Lome, kuma katunan gidan waya da ya buga suna cikin abubuwan da ake duba tsohon fasalin garin da su har yau. Ya rasu a 1975. A maƙwabciyarmu Gana, Philip Kwame Apagya ya yi suna da labulen da aka zana wa firji cike da abinci, da talabijin, da kanta shaƙe da kaya, mutum ya tsaya a gaba kamar nasa ne. Wato a wancan lokacin kaya ado ne a bayan mutum. Ba wanda ya yi tsammanin wata rana mutumin zai koma gefe, kayan su zauna a tsakiya.

Abubuwa ne suka taru suka kawo haka. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi, faran ɗin Faransa guda da yake Sefa 50 ya koma 100. Fim da takardar wanke hoto da magungunan wankin duk daga waje ake shigo da su, saboda haka masu hoto suka ji jiki ƙwarai. Ba su gama farfaɗowa ba sai ga kyamarar zamani wadda ba ta bukatar fim, sa'an nan ga wayar hannu mai kyamara a aljihun kowa. Yarinyar da za ta ɗauki kanta sau hamsin ranar Sallah ba tare da ta biya ko dala ba, me zai kai ta layi? A ɗaya gefen kuma, gobarar da ta cinye babban ginin kasuwar Adawlato a watan Janairu na 2013 ta bar 'yan kasuwa da yawa ba rumfa, wasunsu suka koma sayarwa daga gida. A 2018 kamfanin Gozem ya fara aiki a Lome, kiran babur ya koma ta waya, daga baya har da aiken kaya da abinci. Da annobar korona ta zo a 2020, aka sa dokar hana yawon dare, aka taƙaita taruwa, sai wanda bai taɓa tunanin ciniki ta WhatsApp ba ma ya koya. Biya kuwa ga Flooz, ga Mixx, wanda muka fi sani da tsohon sunansa T-Money. Mai hoto ya rasa masu zuwa a ɗauke su, mai kaya tana neman wanda zai nuna kayanta. Nan suka haɗu.

Yadda ake aikin

Mun zauna wuni guda a ɗaya daga cikin ɗakunan nan muna kallo, kuma abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ƙarancin kayan aikin. Tebur ne, da farar takarda mai faɗi da aka manna a bango aka saukar da ita bisa teburin ba tare da an karya ta ba, domin kada a ga layin da bango ya haɗu da tebur. Sai kyamara a kan ƙafa uku, da fitila guda mai lema, da gutsattsarin farin kwali da baƙi. Sauran duk sanin haske ne.

Kuskuren da kusan kowa ke yi da wayarsa shi ne ya tsaya gaban abinci ya kunna filashi. Hasken da ya fito daga inda mai kallo yake yana kashe inuwa, abin da ba shi da inuwa kuwa ba shi da jiki, sai tuwo ya fito kamar farin faifai. Masu sana'ar daga gefe suke kawo haske, ko daga baya kaɗan, sa'an nan su tsayar da farin kwali a ɗaya gefen ya maido da ɗan haske cikin inuwar. Wanda ba shi da fitila, taga ta ishe shi, muddin rana ba ta faɗo kan kayan kai tsaye ba. In ta faɗo, sai a rataya farin mayafi marar kauri ya tace ta. Kuma a kashe ƙwan ɗaki. Hasken taga da na ƙwai launinsu ba ɗaya ba ne, in suka gauraya sai rabin faranti ya yi rawaya rabi ya yi shuɗi-shuɗi.

Kilishi shi ne ya fi ba da wahala, kuma a kansa muka ga an fi daɗewa. Abu ne shimfiɗaɗɗe, mai duhu, ga maiƙo. In aka haska shi da ƙarfi sai man ya riƙa walƙiya ya rufe komai, in aka rage sai ya zama kamar tsohuwar fata. Dabarar ita ce a sauko da fitilar ƙasa sosai, hasken ya bi ta kan naman a kwance, ta yadda kowane ƙurji na labu da yaji zai yi 'yar inuwarsa. Sa'an nan ba a shimfiɗa shi duka. Ana yaga guda a jingina a kan wani, domin a ga sirantarsa da jan da ke ciki, tunda mai sayen kilishi abin da yake tambaya ke nan: ya yi laushi, ko kuwa zai cire haƙori? Tsire, wanda maƙwabtanmu ke kira cicinga, nasa saurin ne. Minti kaɗan bayan an sauke shi kitsen ya fara daskarewa, ƙyallin ya tafi. Saboda haka sai an gama saita komai da wani abu na gwaji, ko da dunƙulen takarda ne, kafin a kawo naman daga wuta.

Zoɓo da lemun citta da tsamiya daga baya ake haska su, hasken ya ratso kwalbar, jan zoɓon ya fito kamar garwashi. In daga gaba ne, baƙin ruwa kawai za a gani. Fura da nono da wagashi kuwa matsalarsu fari ne. Kyamara takan ɗauki fari mai yawa a matsayin haske ya yi yawa, sai ta rage shi da kanta, nono ya fito toka-toka kamar ya kwana. Dole mai hoto ya ƙara da hannunsa, ya kuma sa ƙwarya ko akushi mai duhu domin farin ya sami abin jingina. Tururin masa ko na koko ba ya fitowa sai bayan ya yi duhu, haske kuma ya biyo ta baya. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ake biya wa kuɗi, ba tsadar kyamara ba.

A ra'ayinmu, hotunan da suka fi kyau su ne waɗanda aka bar kayanmu cikin mazubinsu. Mun ga inda aka jera alkaki da dubulan a farantin tangaran da cokali mai yatsu a gefe, kamar a otal, abin ya fito ba na kowa ba. Da aka mai da su cikin faifai da kwanon sha, nan take suka yi kama da kayan garar amarya, wanda kuwa shi ne abin da mai saye take nema.

Atamfa da shadda nasu batun launi ne, kuma a nan ake yawan faɗa. Matan Lome, tun zamanin su Nana Benz, idonsu a kan zane ba ya kuskure. Mace ta ga shuɗi a waya, ta biya, a kawo mata abin da ya fi kusa da kore, to ciniki ya ɓaci, har da zumunci wani lokaci. Mai hoto na ƙwarai yakan ajiye farar takarda ko kati mai ruwan toka a cikin hoton farko, ya daidaita launin sauran da shi. Duk da haka fuskar waya ba ɗaya ba ce, wata ta fi wata ƙara ja. Mai sayarwa mai hankali takan faɗa wa mai saye haka tun kafin kuɗi su shiga. Shadda kuma sai an karkata ta ga haske kafin zanen da ke cikin saƙar ya bayyana.

Inda gyara ya zama algus

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu sana'ar shirya abinci domin hoto kawai, kuma an san wasu dabarunsu: a zuba farin gam a maimakon madara domin kada hatsi ya jiƙe, a cuɗa dankali a rina shi ya tsaya a matsayin askirim tunda ba ya narkewa a gaban fitila, a shafa wa ɗanyar kaza launi ta yi kamar gasasshiya. Yaranmu suna ganin waɗannan a intanet, wasu har sun fara gwadawa. Ga kuma manhajojin waya da za su ƙara wa nama ja, su goge tabo, su ƙara yawan abin da ke cikin roba. Kwanan nan ma har akwai masu ƙirƙiro hoton abincin da ba a taɓa dafawa ba.

Mu dai mun san hukuncin wannan tun muna makarantar allo. Labari ne sananne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa alhali na sama busasshe ne, ya kuwa yi masa faɗa a kan ɓoye aibin. Hoto shi ne saman tsibin a yau. Ba laifi ba ne a zaɓi masa mafi kyau a cikin tanda, a goge bakin kwano, a nemi hasken da ya dace; ko mai tebur a kasuwa yakan jera tumatir ɗinsa da kyau. Amma in tsoka shida ce a hoto, huɗu a leda, wannan ba gwaninta ba ce. Kuma ko ta fuskar riba abin ba ya ɗorewa. Zongo ƙaramin wuri ne. Mai saye ta WhatsApp cinikin biri a sama take yi, ta yarda ne saboda hoton. Ranar da ta buɗe leda ta ga saɓani, hoton nan da hoton abin da aka kawo mata za ta haɗa ta tura wa duk ƙungiyar matan unguwa kafin magariba.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba, mu kuwa shi ya fi burge mu. Tun kaka da kakanni matan aure na Zongo daga cikin gida suke sana'a, yara mata su ɗauki faranti su zaga. Kowa ya san abin da talla take ci: makaranta, da kuma haɗarin da yarinya ke shiga a tasha da bakin titi bayan duhu. Ba mu ce hoto ya kashe talla ba, domin mai sayen ƙosai na dala biyar ba zai buɗe waya ba. Amma mai dambun nama, da mai turare, da mai kayan fulawa na biki, waɗanda kayansu ke da ɗan tsada kuma ba sa lalacewa da wuri, da yawansu yanzu oda suke karɓa, ɗan zemijan ya kai. Uwar ba ta fita ba, fuskarta ba ta shiga hoto ba, 'yar kuma tana aji. Wasu malamai da ke da tsanani a kan hoton mai rai ma ba su da ta cewa a kan hoton kwalbar humra.

Kafin a biya

Farashi ciniki ne, kamar komai a garin nan, kuma ya danganta da yawan kaya da wahalarsu. Abin da muke jan hankali a kai shi ne a yi magana a gama tun farko: hoto nawa za a bayar, da gyara ko ba gyara, kuma me za a yi da su. Hoton da za a sa a waya daban, wanda za a kai maɗaba'a daban. Masu buga takarda sukan nemi ɗigo 300 a kowane inci, alhali WhatsApp matse hoto yake yi in an tura shi ta hanyar da aka saba. Mun san wata baiwar Allah da ta biya kuɗin hoto, ta biya na buga takardun manne guda ɗari biyar na robar yajinta, aka kawo su dishi-dishi, saboda kawai hoton da ta kai wa mai bugawa wanda aka tura mata ne ta waya, aka sake turawa. Sai a ce wa mai hoto ya turo shi a matsayin fayil, ko ya zuba a ɗan makullin kwamfuta. A kuma nemi a ga gwaji guda a takarda kafin a buga sauran, domin tawada huɗu ce maɗaba'a ke haɗawa, kuma ba kowane launin da waya ke nunawa take iya fitarwa ba. Jan zoɓo musamman yakan dushe.

Ita takardar mannen, wadda aka fi sani da etiketi, hoto rabinta ne kawai. Masu kantunan zamani da masu shirya baje koli, irin wanda ake yi a filin Togo 2000, da na watan Oktoba da ƙasashen UEMOA suka keɓe domin sayen kayan gida, suna duba sunan kaya, da abin da aka haɗa shi da shi, da nauyi, da ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace, da lambar mai shi. A rubuta da Faransanci domin kowa ya karanta, amma ba mu ga dalilin da zai sa a canza wa kilishi ko dakuwa suna ba. Sunan nan shi ne shaidar asalinsu.

Sai batun satar hoto, wanda ya zama ruwan dare. Mace ta kashe jaka biyar ko goma a ɗaukar mata kayanta, washegari ta ga hoton a shafin wata, an goge lambarta an sa wata. Wannan zalunci biyu ne, ga mai kayan ga mai sayen da za a kai wa abin da ba shi ta gani ba. Togo tana da dokar haƙƙin mallaka tun 1991, hoto kuma yana cikin abin da ta kare, akwai kuma ofishin BUTODRA da ke kula da wannan fanni. Mai son kare sunan kayanta da tambarinta kuwa, rajistar ta hannun INPIT take bi zuwa ƙungiyar OAPI da ke Yawunde. Gaskiya dai ba kowace mai yaji za ta iya bin wannan hanya ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sa suna da lambar waya a jikin hoton, a wurin da ba za a iya yankewa ba sai an yanke kayan, ko kuma robar da ke ɗauke da etiketin ta fito sosai a ciki. Ya kamata kuma a sani cewa biyan kuɗin aiki bai hana mai hoto nuna hoton a matsayin samfurin aikinsa ba, sai in an yi sharaɗi. Wadda ba ta so, ta faɗa tun a ranar.

Su ma masu hoton suna da nasu kukan. Ana kawo musu kaya a baƙar leda, miya ta zube, masa ta kwanta, a ce a fitar da ita kamar ta otal. Ana zuwa ana gobe Sallah. Ana ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, nama ya huce. Wasu kuma in an gama sai su ce ai ɗansu ma zai iya da waya, a rage kuɗi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ajiye hotunan biyu gefe da gefe a gani.

Ga masu shirin kai kaya kafin azumi ko babbar Sallah, masu aikin sun ce a riga cunkoso da mako biyu ko uku. A zo da kaya ninki biyu na abin da za a ɗauka, domin a sami na zaɓi, da robobi ko kwalabe sababbi waɗanda ba su da ƙarzuwa, da mazubin da aka saba sayarwa a ciki. Mai abinci mai zafi ta zo da ɗan kurfotinta da gawayi ta ƙarasa a ƙofar ɗakin, ko kuwa a yi jinga mai hoto ya biyo ta gida da safe, lokacin da hasken tsakar gida bai yi zafi ba.